Adakar Baffa a Rawayau

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Baffa kuma ya riga mu tafiya. Ya rasu da kaka, ana cikin yankan gero, a ɗakinsa da ke jikin zaure a nan Dutsin-Ma. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ban iya ɗaura zane ba. Allah Ya sa kabarinsa ya fi masa ɗakin nan faɗi da sanyi.

Na yi zaman makoki kamar kowa, na amsa "ya haƙuri" har muryata ta dushe, kuma kunnena bai toshe ba. Ta tagar ɗakin ina jiyo maza a waje suna cewa mutumin kirki ne, ba ya shiga sabgar kowa. Rabin maganar ne gaskiya. Baffa ya shiga sabgar mutane har cikin gidajensu, zan zo kan wannan. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce, "Allah Ya ji ƙan Malam Kwafi," aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka shafa fatiha.

A cikin gida kuwa magana biyu mata suka riƙe. Ta farko, wace mata ce ya yi ta tambaya a kwanakinsa na ƙarshe. Ta biyu, ni. Wata ƙawar Inna, wato matar Baffa, ta faɗa a gabana tana tauna goro: "Ɗiyar boko ke nan. Mutum na shirin barin duniya, kalma guda ta sanyaya mashi rai ta gagara."

Ban tanka mata ba, don ranar ba ta tankawa ba ce. Yanzu an naɗe tabarmi, zan tanka. Matar da Baffa yake tambaya ba bazawararsa ba ce, ko ganinta bai taɓa yi ba. Wata mata ce daga wajen Birchi, tana da ƙaramar yarinya, kuma idan aka sake yi wa yarinyar nan allurar fanisilin tana iya mutuwa kafin a kai ta bakin titi. Ba mu san sunan uwar ba, ba mu san gidansu ba. An rubuta, rubutun ya ɓace. Da wannan Baffa ya tafi a ransa, kuma don a san yadda aka yi haka ta faru nake wannan rubutu.

Baffa malamin kati ne a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi. Ba ya allura, ba ya ba da magani. Teburinsa na bakin ƙofa. Duk wanda ya zo sai ya fara tsayawa gabansa, ya rubuta sunansa da ƙauyensu da sunan mai gidansu a babbar rajista, ya ba shi ɗan kati mai lamba. In an gama duba mutum, a dawo wa Baffa da abin da aka yi masa, ya ƙara a layinsa. Gobe ko baɗi in ka dawo da lambarka, a buɗe a ga tarihinka. Aikin ke nan. Mutane da yawa sun yi shi suna gyangyaɗi.

Shi ma da haka yake yi, in ji Gwaggo, ƙanwarsu da ke aure a Rawayau, har zuwa farkon shekarun saba'in, shekarar da mahaifina ya rasu. An taɓa yi wa mahaifina fanisilin, ya kumbura, numfashinsa ya sarƙe, da ƙyar aka ceto shi. Baffa ya rubuta a rajista cewa kada a ƙara. Shekaru suka wuce, rajistar ta cika, aka ajiye ta a kabad. Wata rana Baffa ya tafi jana'iza Rawayau, aka kawo mahaifina da zazzaɓi mai zafi, bai san inda kansa yake ba. Sabon malamin asibiti ya yi abin da ya dace, ya sa aka ɗauko tsohuwar rajista. Aka buɗe, gara ta cinye cikinta tas. Ya yi masa allurar da yake yi wa kowa. Baffa ya dawo ya tarar ana haɗa ruwan wanka.

Sau ɗaya tak na ji ya taɓo maganar, shi ma ba da ni yake ba, da wani baƙo yake. Ya ce, "Bangon rajistar lafiya lau yake, har ƙyalli yake yi. Ciki ne babu."

Daga nan Malam Kwafi ya samo asali. Da fari da hannu yake sake rubuta komai bayan an tashi aiki, har idonsa ya fara ruwa. Ya ga ba zai ɗore ba. Abin da ya ce shi ne, duk aikin da sai an tuna ake yi, wata rana za a manta, ko a gaji. Sai ya koma takardar kabon. Ya je wajen wani baduku a kasuwa, ya zauna a kansa har ya ɗinka masa wani faifan fata mai aljihu, daidai faɗin rajista. Kabon na maƙale a jiki, farar takarda na shiga ƙarƙashi. Faifan kuma ɗaure yake da bangon rajistar, ba yadda za ka yi rubutu ba ka zura shi ba, don in babu shi shafin lotsawa yake. Ka rubuta sau ɗaya, ya fito sau biyu, ko kana so ko ba ka so. Badukun ya ce ya yi wa sarakuna sirdi bai sha wahalar da ya sha a kan wannan abu ba.

Akwai wata nas da suka daɗe tare, Kirista ce daga kudu, kowa Sista yake ce mata. Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari, in ban da ta kan mayar da namiji mace in ta yi fushi. Ita ta kawo shawarar a riƙa rubuta waɗanda allura ba ta karɓe su ba da jan biro. Baffa ya gwada yini guda, ya zaro na ƙasan ya miƙa mata.

"Sista, nuna mani jan."

Ta duba. Kabon bai san ja ba, duk launi ɗaya ya fito.

Ta ce, "Baba, kai dai ba a yi maka gwaninta."

"A yi mani wadda za ta kai Rawayau," in ji shi.

Daga ranar ya koma zagaye sunan da da'ira, yana danna biro har sai takarda ta kusa hujewa. Duk wanda aka zagaye, Baffa ba ya barinsa a takarda. Ranar da babu aiki sai ya hau kekensa ya nemi gidan, ya yi sallama da mai gida, ya zauna a zaure ya yi bayani: wane ko wance, allura kaza ba tasa ba ce, ko a asibiti, ko wajen masu allurar kasuwa. Ya sa mutum ya maimaita sunan allurar har ya zauna a bakinsa. Wani magidanci a Kurfi ya taɓa korarsa, ya ce mene ne haɗinsa da matarsa da zai taka tun daga Dutsin-Ma. Baffa bai yi musu ba. Ya koma wajen limamin unguwar ya bar saƙon, ya dawo gida da ƙaya a taya, ya turo keken har ƙofa. Inna ta ce, "Malam, wata rana duka za su yi maka." Ya ce, "In sun riƙe sunan allurar, su yi."

Sai maganar inda za a ajiye kwafin. Shugabansu na asibiti ya ce a sa a kabad ɗin ofis. Baffa ya ce garar da ta ci na farko ba ta yi ƙaura ba. Inna ta ce ya kawo gida. Ya ce ruwan da zai ci asibiti a ranar zai ci gidanmu, gari ɗaya ne, hadari ɗaya. Sai ya zaɓi ɗakin Gwaggo a Rawayau. Ya sayi adaka, ya ɗora ta a kan duwatsu, ya zagaye ƙasan da toka. Ya shirya da wani direban akori-kura da ke jigilar 'yan kasuwa. Kowace ranar kasuwar Kurfi, direban zai tsaya bakin asibiti ya yi oda, a miƙa masa ambulan a liƙe, ya ajiye wa Gwaggo a hanya, ita kuma ta saka a adaka. Da direban ya saba, ko Baffa bai fito ba sai ya tsaya. Da Gwaggo ta saba, in rana ta yi tsaka ba ta ji ƙugin motar ba sai ta fito ƙofar gida da lulluɓi. Abu ya zama kamar kiran sallah, ba wanda yake tuna wa wani.

An yi masa dariya, ba kaɗan ba. Shugaban nasu ya ce yana ɓarnar takardar gwamnati. Baffa ya daina karɓa a sito, ya riƙa bin masu buga tafireta a sakatariya yana roƙon kabon da suka rage. In ya karɓo sai ya ɗaga kowanne ya kalli rana ta cikinsa. Wanda haske ya ratsa, ya ba Inna ta hura wuta da shi.

Ni ma na yi masa tawa. Ina aji uku a sakandare na dawo hutu da kaina a sama, na same shi yana laƙa bakin ambulan da ƙullun rogo. Na ce, "Baffa, shekara nawa kana wannan abu, an taɓa neman ko falle ɗaya?"

Ya ce, "A'a."

"To amfanin me?"

Ya ce, "Ke, rijiyar bayan gida, kin taɓa faɗawa?"

Na ce a'a.

"To gobe in cire murfin?"

Na tashi na bar masa wurin. Haka yake, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma barinka da ta cewa. Washegari ya goya ni a keke zuwa Rawayau, wai in ga amfanin da idona.

A nan na ga abin da yake yi duk ƙarshen wata, wanda kowa ya ɗauka zumunci ne kawai. Ya gaisa da Gwaggo, ya sha fura, sa'annan ya ce a ba shi wuri. Ya buɗe adakar, ya farke ambulan ɗin watan ɗaya bayan ɗaya, ya duba kowane falle. Ya shinshina cikin adakar ko akwai danshi. Ya ɗaga ta ya leƙa ƙasa. Daga nan ya rufe ido ya zura hannu can ƙasa, ya zaro wata tsohuwa ya ba ni, ya ce in karanta da ƙarfi. Na karanta sunan wani mutum da ƙauyensu da ciwonsa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan akwai shi." Ya nuna wani ambulan da ya zo a makon, wanda bai kai ga farkewa ba. "Wancan kuma babu shi tukuna."

Na ce, "Ga shi kuwa ina gani."

Ya ce, "Ambulan kike gani."

Duk wannan Gwaggo na bakin ƙofa ta juya baya, tana tsince wake. Na tambaye ta me ya sa ba ta shigowa. Ta ce, "Ɗiyata, ajiya aka ba ni. Mai ajiya ba ya leƙe."

Zan faɗi kuskuren Baffa, don ba waliyyi na zo binnewa da biro ba. Ya shirya komai ya riƙa tafiya ba tare da shi ba, ban da abu guda. Buɗewa da dubawa bai ɗora wa kowa ba. Ya bar wa kansa, kamar shi ba zai kwanta ba.

Ya kwanta. Ana tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da sabulu da madara ma sai an yi layi, ya faɗi a bakin teburinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ni ina makarantar kwana, daga can kuma aka tura ni koyarwa wani ƙauye, sai hutu nake zuwa. Aka ɗauki sabon malamin kati, magidanci ne mai kunya, Baffa ne ya koya masa aiki, kuma yana ganin girmansa kamar uba. Ya riƙe faifan fata, ya riƙe ambulan. Direba bai fasa oda ba. Gwaggo ba ta fasa fitowa ba, har adaka ta cika aka sayi ta biyu. Kowace ranar kasuwa sabon malamin zai biyo ta gidanmu ya durƙusa bakin gado ya ce, "Baffa, ambulan ya tahi." Baffa ya lumshe ido. Wani lokaci sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya dunƙule, ya buɗe, ya dunƙule, ya buɗe. Inna ta ɗauka addu'a yake nema, sai ta ɗaga nata hannuwan ta ce amin.

Damina biyu aka yi a haka. A ta uku, cikin hutun Sallah, aka yi iska da ruwa da rana tsaka, kwanon asibitin ya yaye ta gefen ofis. Babu kowa a wurin. Kafin a dawo aiki ruwa ya sake sauka a kai. Rajistocin suka zama kamar dambu, in ka ɗaga shafi sai ya biyo hannunka.

Ranar na ga masu dariya sun zo gaisuwa. Shugaban asibitin da kansa ya shigo ɗakin Baffa ya cire hula ya ce, "Malam, yau ranarka ce." Lokacin magana ta fara dawo wa Baffa kaɗan-kaɗan, kalma ɗaya, biyu. Ya ce, "Rawayau." Inna ta ce ba zai iya hanya ba. Ya sake cewa, "Rawayau." Aka sa masa farar riga, aka ɗauke shi aka zaunar gaban akori-kura, ni da Sista da sabon malamin muka hau baya. Direban yana ta ba'a a hanya, wai yau zai ga abin da ya yi shekaru yana dako, in zinariya ce a ba shi kasonsa. Gwaggo ta share tsakar gida ta yanka kaza.

Adakar farko ba abin da ya same ta. Sista tana zarowa tana cewa, "Kai, Baba, kai, Baba." Ga sunaye, ga da'irori, har da rubutun shekarar da na shiga firamare, raɗau. Baffa yana jingine da bango, gefen bakinsa mai motsi yana rawa.

Sai aka jawo ta biyu. Ambulan a jere, a liƙe, ko ƙura babu, Gwaggo ta ɗaure na kowane wata da zare. Baffa ya nuna ni. Na farke na farko, rubutu ya fito amma ya koɗe. Na farke na gaba, sai an karkata shi wajen haske. Na tsallaka tsakiya. Fari. Na farke wani. Fari. Na riƙa farkewa ina zubarwa, har Sista ta riƙe mani hannu. Farar takarda ce tsaf, sai ɗan sawun biro da ba ya karantuwa. Sista ta goga fensir a kai, ta gwada toka, ba abin da ya fito sai rabin lamba nan da can.

Gwaggo ce ta fara magana. Ta ce, "Mi ya hwaru? Ni ban taɓa ba. Wallahi yadda aka kawo haka na saka."

Direban ya ce shi ma bai taɓa buɗewa ba, amana ce.

Na juya kan sabon malamin. Ban tausasa ba, na ce, "Kai ne kake zaro su. Makaho ne kai?"

Ya durƙusa, ba gabana ba, gaban Baffa. Ya ce kabon ya ƙare a sito, ya je sakatariya suka ce su ma juya nasu suke yi. Ya yi ta amfani da guda ɗaya har ya zama kamar leda. Ya ga yana dushewa, ya ga ya daina fitowa. Ya ce, "Na ce in na daina aikawa, direba zai faɗa, Baffa zai ji, ciwo ya tashi. Na ce bari in ci gaba har a samu kabon. Ban so ranka ya ɓaci ba, Baffa."

Baffa bai dube shi ba. Wata farar takarda ya jawo da hannun hagu, ya ɗaga ta ya kalli rana ta cikinta, ya daɗe. Kazar Gwaggo ba wanda ya ci.

Kowa a cikinsu mutumin kirki ne, wannan ne yake ci mani rai. Direba bai yi fashi ba. Gwaggo ba ta ci amana ba. Malamin tausayi ne ya ɗebe shi. Da a ce akwai mugu guda a cikinsu, mai leƙen abin da ba nasa ba, da tun watan farko an gane.

Da muka dawo, Baffa kalma ɗaya ya riƙe: "Da'ira." Rubutun masu ciwon kai da gudawa na shekarun nan ya tafi, ba komai. Amma waɗanda aka zagaye a wannan tsakani, ba wanda ya je gidajensu, don mai zuwan yana kwance. Sista da malamin suka zauna suka yi ta tunani. Ba su da yawa. Suka tuno wani mahauci, wata amarya, wani tsoho mai tari, da wasu. Malamin ya karɓi keken Baffa ya bi su gida-gida, ban hana shi wannan yabon ba. Duk aka same su, sai mutum ɗaya.

Sista ta tuna ta sarai, sunan ne ya ɓace mata. Doguwar mata mai wushirya, ta zo da yarinya a goye tana zazzaɓi. A bayan hannun yarinyar na hagu akwai tabon ƙuna. Aka yi mata allurar, nan take ta kumbura ta shiɗe, suka yi ta fama har ta dawo. Sista ta ce ta gaya wa uwar kada a ƙara, amma matar kuka take, tana ta jijjiga 'yarta, ba ta jin ta fahimta. Mai mashin ɗin da ya kawo su yana ta gaggawa, suka tafi. Abin da ta riƙe kawai, matar ta ce daga wajen Birchi suke.

Mun nema. An sa mai shela ya faɗa a kasuwar Kurfi. Na je wajen mai unguwa a Birchi, ya tara dattawa, kowa ya ce ba a gidansa ba. Na shiga gidaje da Sista muna kama hannun yara muna juyawa, har aka fara ɓoye su in an hango mu. Wata tsohuwa ta ce ƙila baƙuwa ce ta zo biki. Wani ya ce ƙila Fulanin da suka tashi ne. Kowace ranar kasuwa in na dawo, kafin in cire takalmi, Baffa zai juyo da ido ya ce, "An same ta?"

Ranar ƙarshe, bayan la'asar ne. Jikin ya yi nauyi tun safe, kowa ya gane. Inna na zaune a kansa, Sista na tsaye bakin ƙofa, ni ina riƙe da hannunsa. Ya buɗe ido ya neme ni, ya ce, "An same ta?"

Inna ta mintsine ni a cinya. Ta gyaɗa mani kai, idonta cike da hawaye. Ta motsa baki ba sauti: ce e. Na dubi Sista, ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ba a same ta ba, Baffa. Ana nema."

Inna ta saki wani sauti kamar an taka ta. Baffa ya dube ni, ya daɗe, ya ɗan matse mani yatsu. Ya ce, "To. Kar a bari." Daga nan Inna ta laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa, bai sake cewa komai ba.

Wannan ita ce kalmar da ta gagare ni, wadda ƙawar Inna take nufi. Inna har yau ba ta kira sunana ba, "ke" take ce mani, kuma ban ga laifinta ba, mijinta ne. Amma mutumin nan damina biyu ana durƙusa masa ana cewa ambulan ya tafi don kada ransa ya ɓaci. Ya ga abin da ke cikin irin wannan tausayin da idonsa. Ba ni zan miƙa masa na ƙarshe ba.

An gyara kwanon asibitin. Sista ta samo kabon wajen mai buga takardun cocinsu, kuma yanzu ita take ɗaga shi ta kalli rana. Bayan sadakar arba'in na bi direba zuwa Rawayau da ambulan a hannuna, na miƙa wa Gwaggo na ce ta farke. Ta ɓoye hannuwa a zane, ta ce ba ta taɓa ba, kuma ita ba ta iya karatu ba. Na ce, "Gwaggo, baƙi da fari kin sani?" Ta ce ta sani. Na ce to shi ke nan aikin. Ta daɗe tana kallon ambulan ɗin, sa'annan ta sa haƙori ta yage bakinsa. Yanzu direba ba ya tashi sai ta buɗe a gabansa. Ta ce in ta ga fari, a motar za ta mayar da shi, ita ma ta biyo.

Saura yarinyar. Yanzu ta isa gudu a tsakar gida, ta isa yin zazzaɓi a kai ta wajen duk mai sirinji. Wannan rubutu da kabon na yi shi, na ɗaga na ƙasan na duba, ya fito, kuma zan raba. Duk wanda ya zo hannunsa, kada ya karanta a zaure ya ninke. Ya shiga ciki ya karanta wa mata, su suka san hannun 'ya'yan mutane. Uwa doguwa mai wushirya, yarinya mai tabon ƙuna a bayan hannun hagu, wajen Birchi ko duk inda suka koma. Ku ce mata fanisilin, ku sa ta maimaita har ya zauna a bakinta. Sa'annan ku aiko wa Gwaggo ta hannun direban ranar kasuwa, saƙo zai iso ni.

Allah Ya gafarta wa Baffa, Ya karɓi tafiye-tafiyensa a kan keken nan, Ya haɗa shi da ƙaninsa a inda ba a mantuwa. Ya tambaye ni, na ba shi amsar da nake da ita a ranar. Ina neman wata.